Tabarmin da Na Shimfiɗa wa Kamal

Ina yanka kuɓewa a ƙarƙashin rumfa labarin ya same ni. Hantsi ne, ƙarshen damina. Na baza rabi a kan buhu don ta sha rana, sai na ji motar ƙanena Osman ta tsaya a ƙofar gida. Osman yana jigilar mutane tsakanin ƙauyenmu da Managil, kuma ba ya dawowa kafin azahar. Ya shigo bai yi mini tsiyar da ya saba ba, bai nemi shayi ba. Ya tuɓe takalmansa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafuna.

Ya ce, "Yaya Barakatu, ajiye wuƙar."

Na ajiye.

"An bugo mini waya daga Damazin. Sai haƙuri. Ustaz ya riga mu gidan gaskiya."

Zazzaɓi ne ya kama shi. Ƙauyen da yake koyarwa yana can bayan Damazin, ruwa ya yanke hanya, mota ba ta shiga. Kafin a samu taraktar da za ta fito da shi asibiti, kwana ya ƙare. Mutanen can sun yi masa sutura da safen nan, sun sallace shi, sun sa shi a maƙabartarsu. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai na ga hannuna ya koma yana baza kuɓewa shi kaɗai, har Osman ya riƙe shi.

Ustaz ɗana ne na fari, kuma shi kaɗai Allah ya bar mini. Sunansa Kamal. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa a gaban mutane. Kakanninmu sun taho da wannan kunyar tun daga yamma a kan hanyar hajji, sun yar da kaya da yawa a hanya amma ita ba su yar ba. Larabawan da muke maƙwabtaka da su dariya suke yi mana a kai. Yana ƙarami "kai" nake ce masa. Da ya zama malamin makaranta sai na samu sauƙi, na bi bakin mutane ina cewa Ustaz.

Sai Osman ya ce, "Yaya, za mu shimfiɗa tabarmi?"

Na san abin da ya sa ya tambaya. Wanda ya mutu a nesa ba shi da kabarin da za a raka shi, ba shi da komai a garinsu sai tabarmin makoki. Maza su zauna kwana uku. Gidan mamaci ba ya hura wuta, maƙwabta ne ke kawo siniya, babban tiren nan da ake jera kwanukan abinci a kai. To a ƙauyenmu ba mai zama a tabarma, ba mai fito da siniya, sai liman ya fara zama ya ɗaga hannu an yi Fatiha. Limaminmu kuwa Malam Almu ne, yayan marigayi mijina. Kuma Malam Almu ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa ƙafarsa ba za ta sake taka gidana ba.

Sai na koma baya kaɗan, don a san mafarin rantsuwar.

Mijina ya rasu yaron bai fara sauya haƙori ba. Malam Almu ne ya riƙe shi kamar nasa. Shi ya rubuta masa allo, shi ya sauke masa Alƙur'ani, shi yake tafiya da shi hawasha, wato gonar da hukumar noman rani ta yanka wa kowane manomi a bakin ruwa. A can ya koya masa duba auduga. Ba saman ganye ake dubawa ba, juya shi ake yi, don ƙwari a ƙarƙashi suke ɓuya. Yaron ya ɗauki abin ya mai da shi ɗabi'a. In ka aike shi sayen sukari sai ka tarar da shi tsugune a gindin wata ciyawa yana leƙen bayan ganyenta. Na sha dukansa a kan haka. Malam yakan ce, "Ƙyale shi, Barakatu, mai kallon ikon Allah ba ya ɓata."

Ya yi karatu har birni, ya dawo yana koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare ta yankinmu. Ranar da ya fara aiki Malam Almu ne ya yanka rago.

A shekarar da abin ya faru, farin ƙuda ya addabi auduga. Jirgin feshi ya zo ya yi feshi, ya sake dawowa, ƙwarin suna nan kamar an yi musu wanka. Manoma suka ce an surka maganin da ruwa. Ustaz ya tsinko ganye ya sa a kwalba ya kai aji. Ya ce wa yara maganin yana kashe masu rauni ne, 'yan kaɗan masu ƙarfin jurewa su tsira, su hayayyafa, 'ya'yansu su gaje su, har a wayi gari duk gonar jikokin masu taurin rai ne. Ya ce haka halittu suke sauyawa sannu a hankali, in zamani ya yi tsawo ƙwarai har kamanni yakan sauya.

A ajin akwai Nasiba, jikar Malam Almu, yarinya mai kaifin kai wadda ba ta barin magana ta wuce ta. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ustaz, har da mutum?"

Na sha jin abin da ya amsa mata, daga bakinsa da nata, kuma bai bambanta ba. Ya ce masana wannan ilimin suna cewa jikin mutum da na birrai sun haɗa tushe can da nisa, kuma suna kafa hujja da ƙasusuwan da aka tono da abin da ke cikin jini. Ya ce shi Musulmi ne, ya yi imani Allah ne ya halicci komai, shi ya busa wa Annabi Adamu rai. Yadda za a haɗa maganganun biyu kuwa, ya ce manya suna ta kai da komowa a kai, shi bai kai ƙarshensa ba. Ya ce, "Amma ku san abin da suke faɗa da dalilinsu. Kada sai kun je jami'a ku fara jinsa a bakin wanda ba ya salla."

Nasiba ta kai maganar gida yadda take. Amma magana in ta fita ƙofa ba ta tafiya da kayanta duka. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Ustaz ya ce kakanmu biri ne.

Na tuna a bakin famfo, Habiba matar Malam Almu, wadda ƙawata ce tun muna amare, ta dungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Barakatu, ashe shi ya sa kike son gyaɗa haka?" Mata suka fashe da dariya, ni ma na yi. A ranar abin wasa ne. Kwana biyu bayan nan ba mai dariya.

Aka kira taro a filin makaranta, a inuwar dalbejiya. Maza suka zauna, mu mata muka tsaya bayan katanga muna ji. Wani ya ce sun kai 'ya'yansu makaranta ne su zama likitoci, ba su dawo suna tuhumar Littafin Allah ba. Wani ya ce yau biri, gobe kuma yaro zai ce wa ubansa babu hisabi. Wani kuma ya ce shi bai damu da biri ba, a dai gaya masa wa ya surka maganin feshi. Ustaz ya tsaya yana saurare, hannunsa a baya.

Sannan Malam Almu ya miƙe.

Ya ce, "A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Da na je neman takardar zama ɗan ƙasa, wani yaro da na haifi sa'ansa ya dube ni ya ce, mene ne asalinka? Na faɗa masa. Ya ce in kawo shaida. A kasuwa an taɓa kirana da sunan dabbar nan, saboda fatata da harshena. Kowa a nan an taɓa yi masa, kada wani ya yi ƙarya. Amsa ɗaya nake da ita tun ina saurayi: ni da kai ubanmu ɗaya, Annabi Adamu, shi kuma daga turɓaya. Wannan ce takardar da ba mai iya ƙwace mini. Yau kuma ɗan da na yi wa allo da hannuna shi zai tsaya gaban jikokina ya ba masu zaginmu gaskiya?"

Ni kaina sai da na ji hawaye, don ni ma an taɓa yi mini a asibiti.

Ustaz ya ce, "Baffa, wallahi ban ba su gaskiya ba. Abin da na karanta bai ce baƙi ya fi fari kusa da dabba ba. Cewa ya yi mutane duka tushensu ɗaya, da kai da wanda ya zage ka. Kuma ban taɓa Annabi Adamu ba. Yarinya ce ta tambaye ni, na gaya mata abin da ake faɗa, na gaya mata abin da na yi imani da shi."

"Sai ka ce mata ƙarya ne!"

"Kai ka hana ni kiran abu ƙarya alhali ban tabbatar ba."

"Yanzu ni za ka karanta wa karatuna?"

Shugaban makaranta, mutum ne mai son zaman lafiya, ya shiga tsakani. Ya ce, "Ustaz Kamal, magana ɗaya ce. Ka ce tatsuniyar Turawa ce, ka janye, mu je mu sha shayi."

Ya ce, "In kuna so in ce Allah ne ya halicci komai, zan faɗa daga yanzu har magariba, don gaskiya ne. Wancan kuwa ba zan iya ba. Yaran nan wasu za su riƙe asibiti, wasu za su riƙe gona. Ranar da magani ya daina ci a hannunsu, ina so su san dalili."

A nan ne Malam Almu ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Wallahi tallahi, ƙafata ba za ta sake taka gidan ubanka ba sai ka janye wannan magana." Ya kaɗa riga ya tafi, rabin taron ya bi shi.

Ina bayan katanga ban ce uffan ba. Uwar ɗan fari ba ta magana a irin wannan wuri, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Da ya dawo gida na zuba masa abinci na ce, "Kai, yanzu ni biri ne ya haife ni?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Inna, Kaka ce ta haife ki, kuma da tana raye ta ji wannan da kin sha muciya." Ya ja ni bayan ɗaki inda nake shuka kuɓewa, ya juya ganye ɗaya. Ya ce, "Dubi." Na ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu sheƙi, ƙwai ne wai, a jere kamar an dasa su da allura. Shekara nawa ina shuka kuɓewa ban taɓa ganinsu ba. Ya ce, "Ni in na ga irin wannan ba nisa nake yi da Allah ba, Inna. Tsoronsa nake ƙara ji."

Na ce, "Kana salla?"

"Ina yi."

"To je ka ci abincinka kada ya huce."

Ban gane maganar ƙasusuwa da jini ba a ranar, har yau ma ban gane ta sosai ba. Karatuna bai wuce aji uku ba. Na dai gane cewa dukansu biyu tsoro suke ji saboda yaran, kowa da irin nasa.

Iyaye suka kai ƙara, kafin wata damina aka mayar da shi can bayan Damazin. Duk salla yakan zo gida. Ya bi Malam Almu sallar idi, ya je ƙofar gidansa ya durƙusa ya ce, "Baffa, barka da salla." Malam ya ce, "Barka kadai," idonsa a kan carbi. Shi ke nan. Ba ya korarsa, ba ya ce masa zauna. Nasiba kuwa bai cire ta daga makaranta ba, ko da mutane suka ba shi shawara. Haka muka yi 'yan shekaru. Gidana da nasa katanga ɗaya ce ta raba, muna jin tarin juna.

To wannan ne abin da ke cikin tambayar Osman.

Na ce masa, "Shimfiɗa."

Ya ce, "Yaya, ga dabara. Mu kafa rumfa a waje, a bakin hanya. Malam ya rantse ne a kan gida, bai rantse a kan hanya ba. Sai ya zo ya zauna, kowa ya huta."

Na ce, "A ina aka zauna makokin ubansa?"

"A filin cikin gida."

"To shi ma nan. Ba baƙo ba ne da za a zauna masa a kan hanya, jakuna suna wucewa."

"In bai zo ba fa?"

"Shimfiɗa, Osman."

Ya share filin da ke tsakanin ƙofar gida da ɗakuna, ya kafa rumfa, ya aro tabarmin masallaci ya jera. Ya cika randa da ruwa, ya zauna a gefe shi kaɗai. Mata kuwa ba su jira kowa ba, ta ƙofar baya suka riƙa shigowa suna rungume ni. Habiba ta tsallako ta inda katangarmu ta zube, ta faɗa jikina tana kuka. Da ta samu numfashi sai ta raɗa mini, "Ki bari a fitar da tabarmin waje, don Allah. Tun da ya ji bai ci ba, bai sha ba. Hanya yake nema." Na girgiza kai. Ta ce, "Taurin kanku ɗaya, ku duka ukun."

Nasiba ma ta zo, ta zama budurwa, tana karatun jinya. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, ni na jawo. Da ban yi tambayar ba da yana nan kusa da asibiti." Na ce mata kada in sake jin wannan. Tambaya ba ta kashe mutum, kwana ne ke ƙarewa.

Aka yi azahar. Ta ƙofar ɗaki ina hango tabarmi, ba kowa sai Osman da kaji. Ina kuma hango maza can a inuwar kanti, sun taru, suna kallon ƙofata suna kallon ƙofar Malam. Cikinsu akwai waɗanda ya koyar da 'ya'yansu, akwai abokan wasansa. Ba ƙiyayya ce ta tsayar da su ba, na sani. Amma in rana ta faɗi tabarmin nan ba a zauna ba, gobe za a ce an ƙi zaman makokinsa, jibi kuma yara za su tashi da cewa Ustaz bai mutu Musulmi ba. Abin da zai rage masa a garinsu ke nan.

Da aka yi la'asar na miƙe na ɗauki mayafina. Mata suka ce, "Ina za ki? Mai makoki ba ta fita." Na fita. Na ratsa tabarmi, na bi ta gaban kanti, mazan suka sunkuyar da kai.

Na tarar da Malam Almu a zaurensa, a kan buzu, Alƙur'ani a rufe a gabansa. Idanunsa sun yi ja. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Barakatu. Allah ya ba mu haƙuri."

Na ce, "Amin. Malam, ban zo a kan maganar biri ba. Ban san ta ba, ba zan iya da kai ba. Tambaya ɗaya na kawo."

Ya mayar da idonsa kan Alƙur'anin.

"Kamal," na ce. Sunan ya fito mini da nauyi, kamar ba da harshena ba. Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba. Malam ya ɗago da sauri ya dube ni. Na sake cewa, "Kamal ɗana. Kai ka yi masa huɗuba a kunne. Kai ka ji karatunsa, kai yake bi salla. In ka san ba Musulmi ba ne, faɗa mini da bakinka, in je in naɗe tabarmin nan da hannuna. Ba zan riƙe ka ba."

Ya ce, "Na rantse, Barakatu. Na ce sai ya janye."

"Ba zai janye ba yanzu, Malam. Yana ƙarƙashin ƙasa."

Na tashi na koma gida na zauna a wurina. Ban san abin da zai yi ba. Na dai ji kamar na sauke wani tulu da na daɗe ina ɗauke da shi.

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tabarmi. Sai na ji surutun inuwar kanti ya ɗauke. Habiba ta leƙa, ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu."

Malam Almu ne tafe da siniya a kansa. A wurinmu samari ne ke ɗaukar siniya, dattijo ba ya ɗauka, balle liman. Ya cire rawani ya yi gammo da shi. Kwanukan suna ta ƙara saboda rawar da wuyansa ke yi. Wani ya ruga zai karɓa, ya ce masa kauce. Ya zo daidai bakin ƙofata ya tsaya, ya juya ya fuskanci mutane.

Ya ce, "Jama'a, a gabanku na rantse, a gabanku zan karya. Kaffara tana kaina, ba a kan kowa ba. Abin da yaron nan ya faɗa a aji, har yanzu ina ganin bai kamata a faɗa wa yara ba, kuma in Allah ya haɗa mu zan sake gaya masa. Amma ban taɓa juyawa bayan sallama na rasa shi a sahu ba in yana gari. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ko ranar da ƙarya za ta cece shi. Ɗana ne, Musulmi ne. Wanda ya ji wata magana daban, ba daga bakina ba."

Ya ɗaga ƙafar dama ya shigo. Osman ya taimaka masa ya sauke siniya. Ya zauna a tsakiyar tabarma, ya ɗaga hannu ya ce, "Al-Fatiha." Bai kai ƙarshenta ba kuka ya ci ƙarfinsa, sai mazan da suka biyo shi suka ƙarasa.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na mantawa. Kafin a shafa Fatiha sai ga siniya tana fitowa daga kowace ƙofa. Kisra, wato gurasar dawa, da tuwo, miyar kuɓewa, wake, har da nama. Ba abincin da aka dafa cikin gaggawa ba ne, wani ma ya huce. Ashe tun azahar matan garin nan suka gama girki, suka jera, suka ajiye a bayan ƙofa suna jira. Har matar mutumin da ya fi kowa ɗaga murya a taron makaranta. Tabarmi suka kasa, aka ƙaro, sai da zama ya kai har bakin hanyar da Osman ya so.

Washegari Malam ya biya kaffararsa. Miskinai goma shari'a ta ce a ciyar. Ya tafi da kansa sansanin 'yan ƙwadago da ke bayan gari, masu zuwa aikin gona daga nesa, waɗanda ba a cika kiransu zaman makoki ba. Ya taho da su, ya zaunar da su kusa da shi, ya zuba musu ruwan wanke hannu. Habiba ta ce mini, "Kin ga tsohon nan? An ce goma, ya kwaso sansani guda. Hatsina ne zai gaya wa jikinsa."

A rana ta uku, ina daga ciki, na ji gardama ta tashi a rumfa. Maganar farin ƙuda ce ta dawo. Wani yana cewa Ustaz ya yi gaskiya a kan ƙwari amma ya zarce a kan mutum. Wani yana cewa ba a yanka magana biyu a ɗauki rabi. Mai cewa an surka magani yana nan a kan bakansa. Malam Almu ya bar su suka yi ta yi, sannan ya ce, "Ku yi a hankali, mai amsa muku ba ya nan." Na ji daɗin gardamar. Suna ta kiran sunansa kamar ya fita ne zai dawo.

Har yau ba a daidaita ba a garinmu. Malamin da ya gaji Kamal a makaranta, an ce in ya zo kan wannan darasin sai ya yi sauri ya wuce. Wasu iyaye sun ji daɗin haka, wasu suna cewa an cuci yara. Nasiba takan ce mini a asibiti tana ganin abin da ya faɗa da idonta, kuma ba ta fasa salla ba. Kakanta yakan ce Allah ya shirye ta, sannan ya miƙa mata hannu ta auna masa jini.

Ni dai godiya nake yi. Na gode wa mutanen da ban sani ba, da suka wanke mini ɗa suka sallace shi. Na gode wa Osman da ya zauna shi kaɗai a gefen tabarmi yini guda bai tashi ba. Matan da suka yi girki suka ɓoye a bayan ƙofa, ban san yadda zan biya su ba, sai dai duk gidan da aka yi rashi siniyata ce ke fara fita. Malam Almu kuwa yanzu kusan kullum yana shigowa bayan la'asar, ya zauna inda ya zauna ranar, in kawo masa shayi ba sukari. Ba ma yawan magana. Wani lokaci ya ce, "Yaron nan da taurin kai," in ce, "Wa ya rene shi?"

Kabarinsa ban je ba tukuna. Osman ya ce in hanya ta yi kyau zai kai ni.

Kuɓewata tana nan a bayan ɗaki, rani da damina, don ina ba ta ruwan alwala. Kowace safiya in na idar da salla, gari ya yi haske, nakan je in tsuguna in juya ganye ɗaya. Wata rana ba komai. Wata rana in ga 'yan ƙwai a jere, ko wani ɗan ƙwaro kore da ban san sunansa ba yana tafiyarsa. In dube shi sosai, in ce, "Kamal, ga wani." Sannan in mayar da ganyen yadda yake, in je in hura wuta.